Dashen guzberi a Sakkwato: wanne ya cancanci kuɗinka, wanne zai bushe kafin damina

Duk mai lambu a Sakkwato da ke leƙa tallace-tallacen dashe a Facebook ko WhatsApp ya taɓa cin karo da hoton nan: wasu 'ya'yan itace kore shar, masu sheƙi, sun yi nauyi a jikin reshe, an rubuta "guzberi" a ƙasa. Wani lokaci dashe ne cikin baƙar leda, a jere da mangwaro ɗan aure da gwaiba da rumman. Wani lokaci ƙwayar iri ce cikin ɗan fakiti da za a aiko a mota daga Legas ko Kano. Wannan kaya muka duba, kuma abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne tsirrai uku ake sayarwa da wannan suna, ba su haɗa dangi ba, ba su haɗa buƙata ba. Sau da yawa mai sayarwar ma bai san wanne ke hannunsa ba. Hoton na guzberin Turai ne, abin da ke cikin ledar kuwa yana iya zama amla ta Indiya, ƙwayar da ke cikin fakitin kuma ta wani ɗan'uwan tumatir ce daga Kudancin Amurka.

Hukuncinmu bai da wuya. Na Turai kada a saya. Amla mai aure ta cancanci kuɗinta, in dai da gaske mai auren ce kuma za a yi mata hidimar bazara uku. Na ukun kayan lambun hunturu ne, a ɗauke shi a haka.

Mu fara da mai jan idon. Guzberin Turai, wanda masana tsirrai ke kira Ribes uva-crispa, ƙaramin itace ne mai ƙaya, tsayinsa mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ganyensa mai ɗan faɗi ne da tsaga uku zuwa biyar, 'ya'yan kuma ana hango fararen jijiyoyi ta cikin fatarsu. Nau'o'in kore da aka fi sani su ne Invicta da Careless na Ingila, da koren Hinnonmäki na Finlan. A ƙasarsa itace ne mai sauƙin kai: a ba shi tazarar mita ɗaya da rabi, a rage masa rassan tsakiya don iska ta ratsa, a ba shi taki mai yawan fotash, ya bayar da kilo 3 zuwa 4 a watan Yuni ko Yuli. Turawan arewacin Ingila sun ɗauke shi da muhimmanci har akwai wani ƙauye, Egton Bridge, da ke gasar ɗan guzberi mafi nauyi tun 1800. Babu laifin itacen. Laifin na wanda ya kawo shi nan ne.

Dalilin kuwa biyu ne, kuma babu taki ko ban-ruwan da zai gyara ko ɗaya. Na farko, idanun da ke jikin reshensa barci suke yi a lokacin sanyi, ba sa farkawa su fitar da ganye da fure yadda ya kamata sai sun tara wajen awa 800 zuwa sama da 1,000 a sanyin da ya gaza digiri 7 a ma'aunin Salshiyos. Daren hunturun Sakkwato, wanda muke ƙudundune da bargo saboda shi, wajen digiri 15 yake sauka, da wuya ya kusanci 10. Ko a tsaunukan Jos da Mambila sanyin bai cika kai wa wannan adadi ba. Na biyu, da zarar zafi ya haura digiri 30 ganyensa ya fara ƙuna, 'ya'yan su dahu a jikin reshe. Mu kuwa ko a Janairu rana tana taɓa 30 da tsakar rana, a Afrilu kuma 40 zuwa sama abin kullum ne. Ga saiwarsa ba ta nitsewa can ƙasa, a saman ƙasa take bazuwa, daidai inda rairayin jigawa ke zafin da ba a iya taka shi ba takalmi.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba ya mutuwa nan take. In an saye shi a damina zai zauna kore, har ya yi sabon toho a Agusta. Zafin Oktoba ya ƙona gefen ganye. A hunturu ya zubar da wasu ganyen ya riƙe wasu, saboda bai samu alamar shiga barci sosai ba. A Fabrairu ido ɗaya ya fashe nan, ɗaya can, yawancinsu shiru. Maris na shigowa sai bushewa ta fara daga kan rassa tana gangarowa. A nan mai lambu kan ninka ruwa, ruwa mai yawa a ƙasa mai zafi kuma ya ruɓar da saiwar, shi ke nan. Ragar inuwa tana rage zafin rana da 'yan digirori, amma ba ta ƙirƙiro sanyin da babu. Masu cewa a sa tukunyar a firji su yi lissafi: awa 1,000 ya haura kwana 40 firji bai ɗauke ba, sannan a fito da itacen ya tarar da digiri 38. Ƙwayar irinsa ma sai ta yi wata uku zuwa huɗu cikin damshi da sanyi kafin ta tsiro, kuma abin da zai fito ba lalle ya yi kama da uwar ba. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. In mai rumfa ya ce maka, "Alhaji, wanga ɗan waje na, ko'ina yana yi," ka dubi ganyen. In mai tsaga ne da ƙaya a gindinsa, ka yi masa godiya ka wuce.

Amla, wato Phyllanthus emblica, wata magana ce daban. Matanmu sun daɗe da sanin sunanta a jikin kwalbar man gashi na Dabur Amla, sai dai kaɗan ne suka taɓa ganin bishiyar. Bishiya ce sosai, tana kai mita 8 zuwa sama, don haka wanda ke neman abin da zai zauna a tukunya a bakin baranda ya sake tunani. A Indiya ana nomanta a jihohi masu zafi da fari irin su Uttar Pradesh da Rajasthan da Gujarat, babbar bishiya tana jure zafin digiri 45 zuwa 46, tana kuma yi a ƙasa mai kanwa-kanwa da lemu ba zai yarda da ita ba. Wannan siffa ta ƙarshe tana da amfani ga masu rijiyar burtsatse da ruwanta ke da ɗan zartsi. 'Ya'yanta zagayayyu ne, kore mai hasken rawaya, da layi shida daga sama zuwa ƙasa da ƙwallo mai tauri a tsakiya. Ɗanɗanonsu tsami ne da bauri. In ka tauna ka kora da ruwa sai ruwan ya yi zaƙi a baki. Yara ba za su yi rububinsu kamar na mangwaro ba, gaskiya ke nan. Amfaninsu yana wajen sarrafawa: a matse a haɗa da citta da zuma, a zuba a zoɓo, a yanka a shanya, ko a dafa da sukari. Bitamin C ɗinsu ya ninka na lemun zaƙi wajen sau takwas zuwa goma. Jerin cututtukan da masu talla ke cewa tana warkarwa kuwa, wannan zancen kasuwa ne, kada ya sa kowa ya ajiye maganin asibiti.

Wurin da ake yin asara da amla shi ne wurin saye. Dashen da aka tsirar daga ƙwallo yakan ɗauki shekara 7 zuwa 10 kafin ya haihu, 'ya'yan ƙanana, masu zare da yawa. Mai aure yana fara haihuwa a shekara ta 3 ko ta 4. A cikin leda kuwa kamarsu ɗaya, har na ƙwallon ya fi tsayi da kyan gani, shi ya sa ake saurin ɗaukarsa, ga shi da araha. A nemi mahaɗar auren: wajen santimita 10 zuwa 20 sama da ƙasar leda za a ga ɗan karkata ko kumburi a jikin kara, da tabon inda aka datse kan uwar gindi, launin ɓawo na sama ya ɗan bambanta da na ƙasa. In kara ya miƙe sumul daga ƙasa har sama, na ƙwallo ne ko me aka ce maka. Mahaɗar ta kasance ta warke. In har ledar ɗaurin tana nan kuma idon bai yi toho mai tsawon taƙi ba, a bar musu shi ya ƙara kwana. A tambayi sunan nau'in. NA-7, Chakaiya, Kanchan da Krishna sanannu ne. NA-7 tana saurin haihuwa da yawan 'ya'ya, Chakaiya ƙananan 'ya'ya gare ta. Banarasi manyan 'ya'ya take yi, sai dai rowa gare ta. Francis kuma ta fi kowacce fama da baƙin da ke fitowa a cikin tsokar 'ya'ya, za mu zo kansa. Tambaya ɗaya tana tona asirin rumfa: "Malam, ina uwar da aka yanko idon?" Mai renon gaskiya zai nuna maka bishiyar ko ya faɗi inda ya sayo dashen. Wanda ya ce daga ƙasar waje aka shigo da shi, a tambaye shi takardar hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, domin dashen da ya shigo ta bayan fage yana iya zuwa da cutar da za ta kama sauran itatuwan lambu.

Akwai kuma ruɗani da tsamiya. Ƙaramar amla da ƙaramar tsamiya suna kama ga wanda bai saba ba. A tsamiya ƙananan ganyen suna fuskantar juna biyu-biyu, kuma in an tauna tsami ne zalla. A amla sun fi sirantaka da cunkoso, suna jere ɗaya gaba da ɗaya a gefe biyu na siririn reshe, ɗanɗanonsu bauri. Sannan a ɗaga ledar a duba ƙasanta. Saiwa ta huda ta shiga ƙasa an tsinke ta da ƙarfi, ko ta nannaɗe a gindin leda, alamar dashen ya daɗe fiye da kima. A sayi aƙalla biyu, nau'i daban-daban, domin wasu nau'o'in ba sa ɗaukar 'ya'ya sosai da garin furensu, sai an samu wata a kusa. Bishiya guda tilo takan cika da fure ta ƙare da 'ya'ya ƙalilan, mai ita ya yi ta zargin taki.

Lokacin dasawa shi ne ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, bayan ruwa ya zauna. Masu rumfa suna sayarwa duk shekara, amma dashen da aka sa a ƙasa a Fabrairu ko Maris an haɗa shi da bazara tun bai kama ba. A haƙa rami tun Mayu: santimita 70 faɗi da zurfi ya isa a jigawa, inda kuwa akwai marmara ko tsakuwa a ƙasa a kai mita ɗaya, a fasa marmarar da diga, in ba haka ba saiwa za ta tsaya a kanta, bishiyar ta tsumbure a shekara ta uku. A ware ƙasar sama gefe guda. A bar ramin a buɗe sati biyu rana ta gasa shi. Sannan a cakuɗa ƙasar saman da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki bokiti biyu zuwa uku, wajen kilo 15 zuwa 20, da dakakkun 'ya'yan dogon yaro kilo ɗaya saboda gara, a cika ramin ya ɗan yi tozo, a bari ruwan sama ɗaya ko biyu ya danne shi. Ɗanyen taki bala'i ne a nan: yana zafi a cikin rami, yana kuma kiran gara. Tazarar bishiya da bishiya mita 7 zuwa 8, daga katanga ko shadda kuma aƙalla mita 4. A fadama, irin ta Kwalkwalawa ko bakin Rima wajen Wamakko, a zaɓi tudu-tudun da ruwa ba ya kwanciya a Agusta, domin amla tana jure ƙishi amma ba ta jure kwana da kwanaki cikin ruwa.

Ranar dasawa a yi da yamma. A yanke ledar da reza a cire ta gaba ɗaya, kada a bar gindinta wai zai ruɓe, ba ya ruɓewa. A datse saiwar da ta nannaɗe. A zaunar da dashen daidai zurfin da yake a leda, mahaɗar aure tana sama da ƙasa. In aka binne ta, ruɓa za ta shiga ta nan. A danna ƙasa da hannu, a yi ɗan kwarmi kewaye da gindi mai faɗin mita ɗaya, a zuba jarka ɗaya ta lita 25, a kafa sanda a ɗaure karan da tsumma, ba da waya ba.

Daga nan hidimar ta koma kan abu uku: awaki, iska da ruwa. Jar akuyar Sakkwato ba ta barin toho, kuma cizo ɗaya a kan idon aure ya mayar da kuɗinka na ƙwallo. A kewaye da waya ko ƙayar magarya tun ranar farko, tsayin ƙirji. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ranar bazara kuma ta yamma ce ke kisa, don haka a kafa zana ko darnin karan dawa a waɗannan ɓangarori biyu, a bar sama da kudu a buɗe. Haka za a yi shekara uku. Juriyar zafin da ake yabon amla da ita ta babbar bishiya ce, ƙarama tana ƙonewa kamar kowane dashe. Ruwa kuwa, a ranin farko jarka ɗaya duk kwana uku ko huɗu a hunturu, duk kwana biyu daga Maris zuwa saukar damina, in ƙasar rairayi ce. A laka a rage. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafin kullum, domin shi ke jan saiwa ƙasa. Daga shekara ta uku jarka uku zuwa huɗu duk mako ko kwana goma ta wadatar. A rufe kwarmin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsa huɗu, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da kara, a riƙa ɗagawa ana duba gara. In aka ga ginin gara a jikin kara a kankare shi, a zuba toka da ruwan dakakken dogon yaro. In ta yi yawa sai maganin gara na shagon kayan gona, bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar.

Takin zamani ba a zuba shi a rami ranar dasawa. Bayan sati shida, in sabon toho ya fito, a sa NPK 15-15-15 rabin gwangwanin madara, wajen giram 75, a zagaye nesa da kara taƙi biyu, a rufe da ƙasa a yi ban-ruwa. A shekara ta farko gwangwani biyu gaba ɗaya ya isa, a raba shi kashi uku ko huɗu. Kowace shekara a ƙara wajen wannan adadi, tare da takin gida bokiti biyu zuwa huɗu a farkon damina, ana matsar da zoben takin zuwa inda inuwar rassa ta ƙare. Tokar murhu kwano ɗaya a shekara tana ƙara fotash, amma in ƙasar da ma mai kanwa ce a bar ta. Ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore, musamman sabon toho, alamar kanwar ƙasa ta hana shi shan ƙarfe da zinki. Takin feshi mai waɗannan sinadarai da ƙarin takin gida ke gyara shi, ba yuriya ba.

Aski kaɗan take so. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar aure a cire shi da yatsa tun yana ƙarami, domin na uwar gindi ne, ya fi ƙarfi, in aka bar shi zai shanye na saman. A bar kara ɗaya ya miƙe zuwa santimita 75 ko mita ɗaya, a zaɓi rassa huɗu zuwa shida da ke kallon ɓangarori daban-daban, masu buɗaɗɗiyar kusurwa, a cire sauran. Itacen amla yana da gautsi, reshen da ya fito a matse da kara yakan tsage in ya ɗauki kaya ko in guguwar farkon damina ta taso.

Akwai halaye biyu na wannan bishiya da ke tsorata wanda bai san ta ba. A ƙarshen hunturu tana zubar da ganye, har da 'yan siraran rassan da ganyen ke kai, ta tsaya tsirara. Ba mutuwa ta yi ba. A kankari ɓawo da farce, in kore ne a ciki a ƙyale ta. Bayan haka sabon toho ke fitowa da fure, mafi yawansa namiji ne, don haka zubar fure da yawa a ƙasa ba abin damuwa ba ne. A wannan lokaci a janye ruwa da taki ga bishiyar da ta girma, domin ban-ruwa mai yawa ana cikin fure yana zubar da har da matan. Na biyun ya fi ban mamaki: bayan fure ya ɗauka, ɗan yakan tsaya ƙanƙane kamar kan allura wata uku ko fiye, bai girma bai faɗi ba, sai damina ta sauka sannan ya fara kumbura, ya nuna a kaka zuwa hunturu. Mutane da yawa kan yanke ƙauna a Mayu su ce bana ba ta yi ba, alhali kayan na nan.

Baƙin tsokar da muka ambata, inda ɗan ke da kyau a waje amma ciki ya yi ruwan ƙasa zuwa baƙi, ƙarancin sinadarin boron ne ke kawo shi, kuma ƙasar rairayi ta fi fama da wannan. Maganinsa feshin boraks, wani farin gari mai ɗauke da boron, giram 6 a lita ɗaya ta ruwa, sau uku, tsakaninsu sati biyu, lokacin da 'ya'yan ke girma. A auna da kyau, boron in ya yi yawa guba ne ga itace. Sai tsutsar da ke cin ɓawo, wadda ake gane ta da wani zare mai haɗe da garin itace a mahaɗar rassa: a share zaren, a zura waya a ramin, a tura auduga mai ɗan kananzir a toshe da laka. Bishiyar da ta kai shekara goma tana samun kulawa takan ba da kilo 50 zuwa 70, wanda ya fi ƙarfin gida ɗaya. Mai niyyar dasa da yawa ya fara tunanin inda zai kai, domin kasuwar ɗanyar amla ba ta kafu a nan ba, busasshiya da garinta ne masu kayan gyaran gashi ke nema.

Na ukun, Physalis peruviana, shi ne yawanci ke cikin fakitin iri. Asalinsa tsaunukan Andes ne, Kolombiya ce kan gaba wajen fitar da shi, ana kuma nomansa a Kenya da Afirka ta Kudu. Ɗan yana ɓoye cikin wata 'yar riga mai kamar takarda, irin ta matsarmamar da ke fitowa a gonakinmu da damina, don 'yan'uwa ne. Ƙwayar ƙanana ce, faffaɗa, irin ta tumatir, kuma kamar tumatirin rani ake yinsa, sai dai ya fi shi jinkiri. A yi reno tsakiyar Satumba a ƙarƙashin rumfa, a rufe iri da ƙasa rabin santimita. Yakan tsiro cikin sati ɗaya zuwa uku. A dasa bayan sati shida zuwa takwas, tazarar mita ɗaya, a kafa sanda. Kada a cika masa yuriya, ganye zai yi ta yi ba 'ya'ya. Daga fure zuwa nuna wata biyu ne da ɗoriya, zafin da ya haura digiri 30 kuma yana zubar da fure, don haka wanda ya yi reno a Nuwamba ya makara. Farin ƙuda, jan gizo-gizon bayan ganye da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon duk suna kama shi, kada a sa shi inda aka cire tumatir ko gauta. Ruwa yau da yawa gobe babu yana fasa 'ya'yan. Abu mafi muhimmanci: wannan ba a cinsa kore. Ɗanyensa da ganyensa suna da guba irin ta dangin dankalin Turawa, sai rigar ta bushe ta koma launin kara, ɗan ciki ya yi ruwan lemu. A gargaɗi yara, tunda hoton tallar kore ya nuna musu. A cikin rigarsa yana yin makonni bai lalace ba, zaƙinsa da ɗan tsami, kuma kuɗin fakiti ɗaya ba zai karya kowa ba. A Afrilu a tuge shi a huta.

Game da hidimar masu sayarwa kuwa, gyara na nan da yawa. Da wuya ka ga dashe da takardar suna a wuyansa, ba a rubuta ranar aure ba, babu alkawarin canji in ya mutu cikin wata guda. Masu aikowa daga nesa sukan cusa dashe cikin kwali a but ɗin mota, ya kwana biyu a zafi, ya iso ƙasar ledar ta farfashe. Wanda zai saya ta waya ya nemi hoton ainihin dashen, da mahaɗar auren a kusa, ba hoton 'ya'ya ba. Ya sa a ɗaure bakin ledar, a huda kwalin. In ya iso a ajiye shi a inuwa mai haske kwana bakwai zuwa goma ana ba shi ruwa kafin a kai shi rami. Rumfar da za ka iya zuwa da ƙafarka ka ɗaga leda ka duba ta fi, ko da ta ɗan fi tsada.

Wanda kuwa burinsa shi ne ɗan itace kore mai garas-garas da za a tsinka a ci nan take, amla ba za ta biya masa ba, ya tambayi magarya mai aure. Nau'o'in Indiya ne irin su Gola da Umran da Seb ake aurawa a kan magaryarmu ta gida. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa su a yankin nan da sunan tuffar Sahel, kuma yanayin Yamai da na Sakkwato kusan ɗaya ne. Tana fara haihuwa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ɗanta ya ninka na magaryar daji sau da yawa, ana cinsa yana kore mai hasken rawaya daga Nuwamba zuwa Janairu. Tazarar mita 6 take so, da aski mai tsanani a watan Mayu, a datse rassan bara a bar musu ido kaɗan, domin a sabon reshe take haihuwa. Babban abokin gabarta ƙudan da ke saka ƙwai a cikin 'ya'ya. A riƙa tsince waɗanda suka faɗi kullum ana binnewa da zurfi, a kuma tsinke na sama da zarar sun fara haske, kafin su yi laushi.